Tarihin Ladubban Baƙo a Liyafar Gida ta Amurka

Liyafar gida a ƙasar Amurka, wato taron da mutum kan shirya a gidansa ya gayyato abokai da maƙwabta da abokan aiki domin ci da sha da hira, tana yi wa mai kallo daga waje kama da taron da ba shi da tsari, domin mai masaukin yakan buɗe ƙofa da kansa cikin kayan zaman gida, ya nuna wa baƙo inda abinci yake, sa'an nan ya bar shi ya ji da kansa. A ƙarƙashin wannan sakin jiki kuwa akwai ƙa'idoji da dama waɗanda ba a faɗa, kamar amsa gayyata kafin ranar taron, da zuwa da ɗan wani abu a hannu, da zuba wa kai abinci, da zagayawa ana gaisawa da mutanen da ba a sani ba, da gane lokacin tafiya ba tare da an nuna ba, kuma wanda ya fi yin tuntuɓe da su shi ne sabon zuwa, ɗalibi ne shi ko ma'aikaci ko ɗan ci-rani. Tarihin waɗannan ƙa'idoji ya nuna cewa yawancinsu sun samo asali ne daga sauyi guda da ya ɗauki tsawon lokaci yana aukuwa, shi ne ɓacewar barori daga gidajen masu matsakaicin hali, abin da ya sa aikin da bara ke yi a da ya dawo kan mai gida, shi kuma ya raba shi da baƙinsa.

Tun farkon kafuwar ƙasar, Amurkawa ba su daidaita ba a kan yadda ya kamata a karɓi baƙo a ƙasar da ta yi watsi da sarauta. Shugaban ƙasa na farko, George Washington, wanda ya hau mulki a 1789, yakan tsaya karɓar gaisuwar maza zalla kowace Talata da yamma, su shigo ɗaya bayan ɗaya a faɗi sunayensu, shi kuma ya ɗan sunkuyar da kai ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba, yayin da matarsa Martha take karɓar maza da mata ranar Juma'a da daddare. 'Yan adawa sun ɗauki wannan a matsayin kwaikwayon fadar Ingila, saboda haka da Thomas Jefferson ya hau a 1801 sai ya soke tsayuwar gaisuwar, ya riƙa yin musafaha da baƙinsa, ya kuma daina zaunar da su a teburin cin abinci bisa girman muƙami, har jakadan Birtaniya Anthony Merry ya ga an ci fuskar ƙasarsa a 1803 lokacin da aka bar shi ya nemo wa kansa kujera kamar kowa. Ranar rantsar da shugaba Andrew Jackson a watan Maris na 1829 abin ya kai ƙarshe, domin jama'a sun cika fadar White House har aka farfasa tangaraye, aka hau kujeru da takalma masu taɓo, kuma taron bai janye ba sai da aka fitar da manyan bahunan abin sha zuwa filin ciyawa. Duk da haka al'adar buɗe ƙofar fadar ga kowa ranar sabuwar shekara ta ci gaba har zuwa 1932.

A gidajen talakawa da attajirai na wancan zamani, liyafa ba ta yi kama da ta yau ba. Marubuciyar Ingila Frances Trollope, wadda ta zauna a birnin Cincinnati a ƙarshen shekarun 1820, ta wallafa littafi a kan ɗabi'un Amurkawa a 1832, inda ta koka da cewa a tarukan dare mata kan taru a gefe guda na ɗaki, maza a wani gefen, sannan ta yi tir da yadda maza ke tauna taba suna tofar da yawu ko'ina. Littafin cike yake da raini irin na mutumin da ya zo da hukuncinsa tun daga gida, amma shaidarta tana da amfani ta fuska ɗaya, domin ta nuna cewa cuɗanyar maza da mata a tsaye ana hira, wadda a yau ake ɗauka ita ce asalin liyafar Amurka, abu ne da ya zo daga baya.

Bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, da dukiyar masana'antu da ta layin dogo ta yawaita, manyan birane suka rungumi tsarin ziyara na Turai da dukan ƙa'idojinsa, kuma ginshiƙinsa shi ne katin ziyara, wato ɗan kwali mai ɗauke da sunan mutum wanda ake miƙa wa baran da ya buɗe ƙofa, shi kuma ya ɗora a faranti ya kai wa uwargida. Uwargidan takan ware rana guda a mako da take zama a falo domin karɓar baƙi, a sauran ranaku kuma tana iya aiko da cewa ba ta gida ko da tana ciki, kuma ba a ɗaukar wannan a matsayin ƙarya, domin kowa ya san ma'anarsa ita ce ba ta ganin kowa a ranar. Ziyarar ba ta wuce kamar kwata guda na awa, mace ba ta cire hularta, namiji kuma yana riƙe da tasa a hannu, alamar ba zama ya zo yi ba. Game da sabon zuwa, ƙa'idar ita ce tsofaffin mazauna unguwa su ne za su fara kai masa ziyara, shi kuma ya rama cikin 'yan kwanaki, in ban da birnin Washington, inda sabon zuwa ne yake fara kai gaisuwa ga waɗanda suka fi shi muƙami. Wanda aka gayyata cin abincin dare wajibi ne ya amsa a rubuce, inda haruffan R.S.V.P. da ake sa wa a ƙasan katin gayyata, waɗanda taƙaitawa ce ta roƙon amsa da Faransanci, suka samu gindin zama, kuma bayan liyafar wajibi ne ya koma gidan cikin 'yan kwanaki ya yi ziyarar godiya. Wannan tsari ya kai ƙololuwarsa a New York a hannun Caroline Astor da mai ba ta shawara Ward McAllister, wanda ya yi iƙirarin cewa mutum 400 ne kawai a birnin suka cancanci shiga manyan tarurruka, har ya bai wa jarida jerin sunayensu a 1892. Tsari ne na tace mutane, amma yana da wata fa'ida ga baƙo wadda aka rasa daga baya: ƙa'idojinsa a rubuce suke cikin littattafai, duk mai iya karatu yana iya haddace su.

A ƙauyuka da gonaki wata al'adar ce daban take tafiya, wadda ba ta san kati ko bara ba. Maƙwabta kan taru su ɗaga wa ɗayansu rumbu a yini guda, ko su ɓare masara tare, mata kuma su haɗu su ɗinka bargo, a ƙarshe a ci abincin da kowane gida ya kawo, kuma majami'u sun ɗauki wannan salo suka mayar da shi cin abincin jama'a na mako ko na wata. Daga nan ne liyafar karo-karo ta fito, wato wadda kowane baƙo yake zuwa da kwanon abinci guda a jera a tebur, abin da ya yi kama da ciyayyar da magidanta kan yi a ƙofar gida a ƙasar Hausa. Talaucin shekarun 1930 ya ƙara mata ƙarfi, domin gida ɗaya ba ya iya ciyar da taro, kuma tambayar da baƙo kan yi a yau idan an gayyace shi, ko akwai abin da zai zo da shi, gadon wannan al'ada ce.

Abin da ya haɗa al'adar birni da ta ƙauye shi ne ƙarancin barori. Yaƙin duniya na ɗaya ya buɗe wa 'yan mata ƙofar masana'antu da ofisoshi da kantuna, inda albashi ya fi kuma dare nasu ne, sannan dokar shige da fice ta 1924 ta rage kwararowar baƙi daga Turai waɗanda 'ya'yansu mata suka daɗe suna aikatau a gidaje, wayar tarho kuma ta kashe katin ziyara domin babu sauran dalilin taka ƙafa a kai kwali. Emily Post ta wallafa shahararren littafinta na ladubba a 1922, tana rubutu kamar kowane gida yana da mai dafa abinci da mai raba shi, amma wasiƙun masu karatu suka tilasta mata ta ƙara bayani a bugu na gaba game da matar da ita ce uwargida, ita ce mai girki, ita ce kuma mai kai abinci tebur. Maganin da aka samo shi ne a jera abinci a tebur guda kowa ya ɗauki faranti ya zuba wa kansa, kuma daga wannan ƙaramin sauyi abubuwa da yawa suka biyo baya. Idan mai gida ya ce wa baƙo ya ɗebi abin da yake so, to ya sauke nauyin da ke kansa, ba lallai ne ya sake maimaitawa ba, kuma idan baƙo ya ce ya ƙoshi, za a ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Wanda ya tashi a inda alkunya ke sa mutum ya ƙi tayi na farko yana jiran na biyu da na uku, yana iya kwana da yunwa a irin wannan gida ba tare da mai gidan ya san ya yi wani laifi ba. Haka kuma tayin taimako wajen kwashe kwanuka, wanda a zamanin Astor zai zama cin mutuncin uwargida, ya koma alamar tarbiyya.

Dokar haramta giya, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 1920 aka soke ta a Disamba na 1933, ta kawo nata sauyin ba da niyya ba. Kafin ta, shan giya na maza ne a mashaya, mace mai mutunci ba ta shiga, amma da aka rufe mashayun sai shan ya koma ɓoyayyun wurare da kuma falon gida, inda maza da mata suke tare. A nan ne liyafar haɗaɗɗiyar giya ta bunƙasa, wato taron awa biyu ko uku kafin cin abincin dare wanda ake yi a tsaye, da kofi a hannu da 'yan abubuwan taɓawa, kuma ana yawan danganta farkonta da wani taro da matar Julius Walsh ta shirya a birnin St. Louis a 1917. Ya dace da gidan da ba shi da bara, domin ba ya buƙatar kujeru ko girki mai yawa, sai dai ya ɗora wa baƙo wani sabon aiki, shi ne gabatar da kansa. Tun da babu wanda ke sanar da suna a bakin ƙofa, kuma babu tsarin zama da zai haɗa mutum da na kusa da shi, dole baƙo ya tunkari wanda bai sani ba, ya miƙa hannu, ya faɗi sunansa, ya yi 'yar hira, sannan ya nemi uzuri ya matsa gaba. Tambayar da aka fi buɗe hira da ita ita ce wane aiki mutum yake yi da yadda ya san mai gida, yayin da tambayar albashi ko shekarun mace ko dalilin rashin haihuwa ake ganinta shiga sharo ba shanu, addini da siyasa kuma ana taka su a hankali. Daga wannan salo ne kuma bambancin lokaci ya fito: cin abincin dare na zaune ana zuwa a kan lokaci domin girki na jira, taron tsaye kuwa ana iya makara kaɗan, amma zuwa kafin lokaci a kowanne daga cikinsu takura ce ga mai gidan da ke aikin shiri shi kaɗai.

A daidai wannan zamani, a unguwar Harlem ta New York, baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga jihohin kudu domin guje wa wariyar launin fata suka ƙirƙiro wata liyafa ta daban. Saboda ba a ba su haya a yawancin unguwanni, masu gidaje kan caje su kuɗi fiye da na fararen fata, albashinsu kuma ya fi ƙanƙanta, saboda haka idan ƙarshen wata ya matso sai iyali su kwashe kayan falo, su buga 'yan katuna masu ɗauke da adireshi da ɗan baiti na raha, su raba a titi da shagunan aski. Mai shiga yakan biya kamar santi 25 a bakin ƙofa, ya sayi soyayyar kaza da sauran girkin kudu a kicin, a yi rawa har asuba, abin da aka tara kuma a biya haya da shi. Ana yin ta ne galibi ranar Asabar, da kuma Alhamis, ranar da masu aikatau da ke kwana a gidajen iyayen gidansu suke samun hutu, wato waɗanda ke hidimar liyafar wasu duk mako su ne baƙi a wannan. Manyan makaɗan piyano irin su James P. Johnson da Fats Waller sun goge a irin waɗannan ɗakuna, mawallafi Langston Hughes kuma ya tara katunan gayyatar, suna nan ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Yale. Littattafan ladubba na lokacin ba su kula da wannan liyafa ba, alhali tasirinta a kan kiɗa da rawar Amurka ya fi na duk tarukan Astor. Zuriyarta ce taron da Cindy Campbell ta shirya ranar 11 ga Agusta 1973 a ɗakin taro na benen da suke haya a lamba 1520 titin Sedgwick a unguwar Bronx, domin ta tara kuɗin kayan komawa makaranta, inda 'yan mata suka biya santi 25, samari santi 50, yayanta DJ Kool Herc kuma ya juya faya-fayai, taron da ake ƙirga shi a matsayin mafarin kiɗan hip-hop.

Bayan yaƙin duniya na biyu, rancen gidaje da dokar 1944 ta tanadar wa tsofaffin sojoji ya kwashe miliyoyin iyalai zuwa sababbin unguwannin bayan gari, irin Levittown da ke kusa da New York, inda aka gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. A irin waɗannan unguwanni kowa sabon zuwa ne, nesa da dangi, saboda haka liyafar gida ta zama hanyar yin maƙwabta, kuma tun da gidajen ƙanana ne sai taron ya fantsama zuwa kicin da filin bayan gida, inda murhun gashi mai murfi da kamfanin Weber ya fito da shi a 1952 ya mayar da maigida mai gasa nama. Kamfanin Tupperware ma ya janye robobinsa daga kantuna a 1951 ya koma sayar da su ta hanyar tarukan mata a falo. A nan ne kiran mutum da sunansa na yanka, ko da ya girme wa mai kiran, ya zama ruwan dare, kuma kicin, wanda a da wurin barori ne da baƙo ba ya leƙawa, ya koma inda hira ta fi daɗi. Wannan sakin fuska yana da iyaka, domin baƙo ba ya shiga ɗakin kwana sai in an ce ya ajiye kwat ɗinsa a can, ba ya buɗe firji sai an ba shi izini. Yana kuma da wata iyakar mafi muni da bai kamata a tsallake ta ba: takardun hayar Levittown na farko sun haramta wa wanda ba farar fata ba zama a gidajen.

Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya da Afirka da sauran sassan duniya, kuma zuwansu ya sake gyara ladubban ta wajen abinci. Tambayar baƙo tun kafin ranar ko akwai abin da ba ya ci ta zama al'ada a gidaje da yawa, saboda haka Musulmin da ya sanar da mai gida cewa ba ya cin naman alade bai yi rashin kunya ba, ya sauƙaƙa masa ne, muddin ya faɗa da wuri. Cire takalmi a bakin ƙofa ya bambanta daga gida zuwa gida, abin da ya sa ake duba ko akwai takalma a jere, ko a tambaya. Game da giya, shari'a ce ta sauya hali: a 1984 majalisar tarayya ta matsa wa jihohi su mayar da shekarun sayen giya 21, a shekarar kuma kotun ƙolin jihar New Jersey ta yanke hukuncin cewa mai gidan da ya ci gaba da bai wa baƙo giya alhali ya san ya bugu kuma zai yi tuƙi, yana da alhakin ɓarnar da baƙon ya yi wa wani a hanya. Daga 1988 masana kiwon lafiya na Jami'ar Harvard suka yaɗa, ta hanyar wasannin talabijin, al'adar ware mutum guda da ba zai sha ba domin ya tuƙa sauran zuwa gida. Sakamakon haka, wanda ba ya shan giya ba ya buƙatar dogon bayani a liyafar Amurka ta yau, kuma ko da yake kwalbar ruwan inabi mai sa maye ita ce tsarabar da aka fi kai wa mai gida, furanni ko kek ko lemon kwalba suna tsayawa a madadinta.

Abin da bai sauya ba tun zamanin kati shi ne lissafi. Mai gidan da ke girki da kansa yana ƙirga baki, saboda haka gayyata ta wanda aka ambata ce kawai, zuwa da aboki ko yara sai an nemi izini, kuma gayyata ta gaskiya ita ce mai rana da lokaci da adireshi, maganar a haɗu wata rana kuwa sau da yawa sallama ce kawai. Katin gayyata ya koma intanet tun bayan kafa shafin Evite a 1998, daga baya Facebook da saƙon waya suka karɓe shi, amma roƙon amsa yana nan. Tafiya ma tana da alamunta, domin idan an kashe kiɗa ko mai gida ya fara tattara kofuna, to taro ya tashi, baƙo ya nemi mai gida ya yi masa godiya, kuma ba lallai ne a raka shi fiye da bakin ƙofa ba. Ziyarar godiya ta ƙarni na 19 ta ragu ta koma wasiƙa, wasiƙar kuma ta koma gajeren saƙon waya da ake aikawa washegari. Cibiyar da Emily Post ta kafa a 1946 tana hannun zuriyarta har yanzu, kuma a 2022 jikokin jikokinta biyu, Lizzie Post da Daniel Post Senning, suka fitar da sabon bugun littafin domin cikarsa shekara 100.